Ranar da Kakannin Tsuyako Suka Yini da Ruwa

Tsuyako Hamanaka, 'yar Genzaburo masaƙin komar kamun kifi, jikar Ichimatsu wanda ya fara kafa rumfar shanya kifi a gaɓar tekun garinmu, ta kai shekara sittin da uku ba ta taɓa kwana a asibiti ba. Sai bara ta yanke jiki ta faɗi sau biyu a bakin aiki a rumfar. Likita ya ce bugun zuciyarta yana tsallake, kuma yana zargin sarkoidosis, cutar da ke tara ƙananan ƙulluttai masu kumburi a cikin tsoka. In ita ce, akwai magani. In ba a gano ba, faɗuwa ta uku tana iya zama ta ƙarshe.

Na'urar da aka tura ta wurinta, mai suna PET, abar mamaki ce, domin abin da zuciya ke ci take kallo. Ana hana mutum duk wani abu mai zaƙi ko dangin hatsi yini guda, har lafiyayyar tsoka ta koma cin kitse, sannan a ɗura masa sukari mai alama ta jijiya. Gurbin da ke ciwo ne kaɗai zai wawuri sukarin, ya tona kansa.

Hoton farko ya fito, zuciyar gaba ɗaya tana haske kamar fitila. Ma'aikaciyar da ke kula da na'urar ta dube ta.

"Inna, ki faɗa mini gaskiya, me kika ci?"

"Ƙwai da shayi ba sukari, 'yar nan, yadda kuka rubuta."

Ƙaninta Tomekichi, wanda ya rako ta, ya ƙyalƙyale da dariya. "Yaya, ita fa shinkafar gaban kakanni? Da idona na ga kin sauke kin lamushe."

"Rufe mini baki, sarkin gulma! Ɗan ƙoƙo ne, kuma ba tawa ba ce. Zubar da ita zan yi?"

A gidajenmu akan ajiye sabuwar shinkafa gaban allunan da ke ɗauke da sunayen magabata kowace safiya, a sauke a cinye, kuma ba mai lissafa ta cikin abinci. Ita ce ta ɓata hoton.

Bayan mako biyu aka sake. Wannan karon zuciyar ta fito duhu, in ban da ɗigo uku masu ja kamar garwashi a bangonta. An ga cuta a cikin ƙirjin da wuƙa ba ta taɓa ba. Aka fara magani, kuma bana ta koma rumfarta.

Daga baya na ji cewa a yinin gwaji na biyu ba a ɗora tukunya a gidan ba. Ruwa kaɗai ta ajiye wa magabata, karo na farko cikin shekara arba'in. Na tambaye ta me ya hana ta dafa ta ajiye musu, ta bar ƙaninta ya cinye.

Ta ce, "Malam, su suka ba ni zuciyar nan. Tunda za a leƙa cikinta, sai mu ji yunwar tare."