Hutun Kawu Mai Fayil

A ofishinmu babu mai kiransa da sunansa. Kawu Mai Fayil, shi ke nan. Shekara ashirin da shida ya yi a ɗakin ajiye takardu, wani lungu a ƙarshen baranda mai taga ɗaya da fanka mai kuka. A nan na same shi da aka kawo ni shugabar sashen ma'aikata, kuma tun watan farko na gane shi ne zai zame mini ciwon kai.

Ba lalaci ne matsalarsa ba, ina ma a ce shi ne. Mutumin ba ya hutawa. Duk shekara a rubuta masa hutun mako uku, albashinsa na tafiya, ya sa hannu ya yi godiya, washegari ƙarfe bakwai sai ka ji ƙarar makullansa. In na tare shi ya ce, "Ranki ya daɗe, wucewa zan yi, na ce bari in leƙo." Leƙowar sai la'asar. Ranar da bai zo ba kuwa waya ce: a gaya wa akawu fayil ɗin da take nema yana kanta ta uku, ɗaure da jan zare. Haka yake aikinsa, jan zare na masu ritaya, kore na sababbi, kuma ya san kowane fayil kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta.

Bana sai ya yanke jiki ya faɗi a gaban kanta. Likita ya ce jininsa ya hau, in bai huta ba abin da zai biyo baya ba zai yi daɗi ba. Daga sama aka turo mini takarda mai zafi, wai wace irin shugaba ce ma'aikacinta bai taɓa cin hutu ba. Raina ya ɓaci. Na karɓe makullansa, na ja wa mai gadi kunne kada ya bar shi ya shigo, sannan na tara ma'aikata na kafa doka: kada wanda ya kira Kawu, in ya kira kada a ɗauka. "Ku bar bawan Allah ya huta," na ce, har ina jin na yi abin kirki.

Kwana uku wayar akawu tana ƙara tana kallonta. A na huɗu aka daina ji. Na ce to, ya saduda.

A kwana na goma sha ɗaya da hantsi na je dubiya. Gidan ɗaki biyu ne da ɗan tsakar gida, an share shi tas, igiyar shanya ba komai a kanta sai tawul ɗaya. Na san matarsa ta rasu shekara uku da suka wuce, ni ce ma na sa hannu a takardar ta'aziyya. Na san 'ya'yansa biyu suna nesa. Amma sanin takarda na yi wa abin.

Na yi sallama, na same shi zaune a falo cikin kayan aiki, takalmi a goge, katin shaida rataye a wuya. Kular abincinsa tana gefe, a ɗaure, kamar mai jiran mota. Wayarsa na kan tebur a gabansa.

"Kawu, ina za ka kuma?"

"Babu ko'ina, ranki ya daɗe. In na shirya ne nake jin gari ya waye." Ya yi 'yar dariya, ya tura mini wayar. "Don Allah duba mini wannan. Sau biyu ina kai wa mai gyara, yana cewa lafiyarta ƙalau. To in lafiyarta ƙalau, ya za a yi kwana goma ko kira ɗaya bai shigo ba? Ni ma in na kira ba ta zuwa. Na ce ƙila kuna can kuna nemana ba ku samu."

Na riƙe wayar ina jujjuyawa. Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba a aikin nan.

"Matsalar layi ce, Kawu," na ce. "Za ta gyaru."

Makullan dai ban mayar masa ba, maganar likita tana nan. Amma washegari ƙarfe tara na rufe ƙofar ofishina na kira shi. Ko ƙara ɗaya ba ta gama ba ya ɗauka.

"Kawu, ka taimake ni. Fayil ɗin direban nan da ya yi ritaya bara, mun birkice ɗakin ajiya ba mu gani ba."

"Ai na sani, na sani za ku wahala!" in ji shi. "Kanta ta biyu, daga ƙasa, jan zare. Ki tafi a hankali, ina kan layi."

Na ce to, na yi shiru daidai tsawon tafiya zuwa ƙarshen baranda, ina jin numfashinsa. Fayil ɗin yana gabana a kan tebur tun jiya.