Ranar da Yaya Nomau Ya Hana Mu Tashi

Shekara goma sha tara ke nan da rasuwar yayana Nomau. Duk lokacin da watan ya zagayo nakan yi niyyar rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, domin abin da aka fi saninsa da shi shi ne abin da ya fi ƙin a tuna masa. Bana na ga shekaruna sun ja, waɗanda suka ga abin da idonsu kuma sun kusa ƙarewa.

Manomi ne a ƙauyenmu, can tsakanin Sabon Birni da Isa. Bai yi boko ba. Ni aka kai makaranta har na zama malamin firamare, amma in ana neman wanda zai yi magana a ƙofar mai gari, ko ya sasanta manomi da makiyayi, ba ni ake kira ba. Muryarsa ba ta da girma. Sai dai yakan ɗauki gajeriyar magana ya faɗa, ya kawo misali, ya koma kanta, ya ƙara wani misalin, ya sake komawa. Yakan jefa tambaya ya yi shiru har shirun ya dami mutane. Ba ya cewa "ku", kullum "mu" yake cewa. Na taɓa tambayarsa dalilin da yake nanata magana kamar mai koyar da yara. Ya ce, "Garba, in na hwaɗi sau guda, maganata ce. In na maida ta, sai ka ji mutum ya kama ta tare da ni. Abin da ya hito bakin mutum kuwa, da wuya shi musa shi."

A shekarun babban farin nan muna da iyali dukanmu. Damina ta farko gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe. Aka cinye abin da ke rumbu, aka sayar da awaki, mata suka shiga daji tsinkar anza, suna jiƙa ta kwana da kwanaki kafin ɗacinta ya fita. Da bazara ta kama, maza suka taru a ƙofar mai gari bayan la'asar don a yanke shawara: a tashi a yi kudu kamar yadda wasu ƙauyuka suka yi, ko a zauna a jira ruwa.

Wanda ya fara magana shi ne Tunau, ɗan kasuwa mai kai kaya Nijar a kan jakuna. Yana da in'ina, ba ya son taro. Da ƙyar ya ce, "Na ga abin da ke arewa. Rijiyoyi sun ƙahe. Mu tahi tun jakkai na iya ɗaukar yara." Ya koma ya zauna.

Sai Yaya Nomau ya miƙe. Ya nuna gabas ya ce, "Rijiyar da kakanninmu sunka gina da hannunsu, wa za mu bar ma?" Ya yi shiru. "Gonakin da munka sare, munka kai ma taki shekara da shekaru, wa za mu bar ma? Masallacin ga, wa za mu bar ma?" Ya riƙa kiran gidaje da sunayen masu su. Kafin ya iso kan kushewun iyayenmu, jama'a ce ke ƙarasa masa tambayar, har da ni. Na ga dattawa suna share hawaye da bakin rawani. Tunau ya sake tashi yana ƙoƙarin haɗa kalma, ba wanda ya saurare shi. Kwana biyu bayan nan ya kwashe iyalinsa, gidaje kaɗan suka bi shi. Mu muka zauna.

Ruwa ya sauka sau biyu, muka shuka irin da muka hana cikinmu, daga nan sama ta ɗauke. Lokacin da muka gane Tunau ne da gaskiya, jakunan sun mutu, tsofaffi ba sa iya tafiyar yini. Ƙyanda ta shigo ta tarar da yara babu ƙarfi. Ta ɗauki Balki, 'yar Yaya Nomau ta fari. Maƙwabciyarmu Kulu ta rasa 'ya'yanta maza biyu cikin mako guda. Ina tare da Yaya a hanyar rijiya ta tare shi, ba ta ko ɗaga murya ba. Ta ce, "Nomau, ran nan na riga na ɗamre kayana. Mai gidana ya shigo shina maida maganarka, na kwance su." Daga ranar ya daina zama a ƙofar mai gari.

Ana haka muka ji ana rabon tsabar agaji a Sabon Birni. Na rubuta wa masu rabon takarda sau biyu da Turancina mai kyau, na jera bukatunmu ɗaya bayan ɗaya. Ba amsa, kuma ban ga laifin kowa ba, domin irinta tuli ne a kan tebur. Wata safiya Yaya ya same ni ya ce in ɗauko alƙalami, in rubuta da Hausa yadda ya faɗa. "Mun binne Balki ɗiyar Nomau, mun koma jiran ruwa. Mun binne Sani da Bello ɗiyan Kulu, mun koma jiran ruwa." Haka ya bi su duka, kowa da sunansa da sunan gidansu, har takarda ta cika gaba da baya. A ƙarshe ya ce in rubuta, "Yanzu mun bar jiran ruwa, ku muka jira."

Ni na kai ta. Ma'aikacin da ya karɓa a tsaye ya karanta, ya kai rabi ya nemi kujera. Kafin mako ya zagayo buhunan jar dawa suka iso. Mutane suka yi ta sa wa Yaya albarka, shi kuwa ya ce da ni, "Dabarar guda ce, Garba. Ita ta tsaida mu, ita ta kawo dawa. Ba ta san mai gaskiya ba."

Ya yi shekaru masu yawa bayan nan, ya kuma koma magana a taro, amma da wata ɗabi'a da ta riƙa ba mutane haushi. Kafin ya faɗi ra'ayinsa sai ya nemi wanda ya saɓa masa, ya ɗauki maganar mutumin ya gyara ta, ya faɗe ta da duk gwanintar da Allah ya ba shi, sannan ya kawo tasa. Sau da dama ya kayar da kansa da kansa, kuma ban taɓa ganin abin ya dame shi ba.

Yau ina jin masu neman ƙuri'a a rediyo suna nanata kalma guda har yara su haddace. Ina jin 'yan'uwanmu a ƙauyukan iyaka sun sake zama a kan tsohuwar tambayar, a tashi ko a zauna, wannan karon saboda masu bindiga, ga damina ba ta da tabbas. Ban san abin da zai ce musu ba, kuma ba za ni ɗora masa magana yana kabari ba. Na dai san zai fara waigawa bayan taro ya nemo wanda bai iya magana ba.

Akwai magidanta a yau da ba don takardar nan ba da ba su kai ga furfura ba. Akwai kuma ƙananan kaburbura da ba don jawabin nan ba da wataƙila ba a haƙa su ba. Na kasa ɗora ɗaya a kan ɗaya in ce an biya, shi ma bai taɓa gwadawa ba.

Ranar sadakar ukun rasuwar Yaya, Kulu ta zo gaisuwa, ta tsufa, tana dogara sanda. Ta sa aka kira ni bakin zaure. Ta ce, "Malam Garba, na yahe mashi tun tuni, ban dai iya hwaɗa mashi ba. Da ƙarya ya yi muna da mun gane. Shi ma ya yarda da abin da ya ce, har ya ba da ɗiyatai."

Allah ya jiƙan Nomau, ya jiƙan yaran da muka binne a shekarar.