Ranar da Aka Kulle Ña Zunilda a Ɗakin Masu Tari

Duk wanda ya taɓa kwanciya a ɗakin masu ciwon ƙirji na asibitin garinmu ya san Ña Zunilda. Ita ke juya marasa lafiya, ta canza zanin gado, ta kwashe fo, tana faɗa kamar za ta ari baki. Can na same ta da na fara aikin jinya, kuma tun ranar ta raɗa mini suna Sauro, wai saboda ƙafafuna. Gajera ce mai faɗin kafaɗa. In ta ga tsoho yana hawaye, sai ta zauna bakin gadonsa ta yi ta tsokanarsa har ya yi dariya.

Mijinta Anacleto tsohon direban motar katako ne, ɓarin jikinsa ya shanye. Rigimamme ne na ƙarshe, ba ya karɓar ko loma daga hannun kowa sai nata. Kullum da sassafe takan jingina shi da filo su sha mate, wato shayin ganyen ƙasarmu, ita ce ke riƙe masa ƙoƙon, sannan ta ba shi abinci ta kamo hanyar aiki.

Mu nan Paraguay, mate ba abin shan mutum ɗaya ba ne. Ƙoƙo ɗaya, bututun ƙarfe ɗaya, a zuba ruwan zafi a kan ganyen, ka zuƙe ka mayar, a cika wa na kusa da kai. Wanda aka tsallake kuwa an ci masa mutunci.

Sanyin Yuli na shekarar ya zo da wata muguwar mura mai sauka huhu. Dakta Insfrán ya tara mu ya ce daga yau kowa da ƙoƙonsa, kowa da bututunsa. Muka ce to. Ai kuwa to ɗin ba ta wuce ƙofar ofishinsa ba, don a ɗakin wanki ƙoƙon Ña Zunilda ya ci gaba da zagayawa kamar kullum.

Akwai wani tsoho, Don Crispín, wanda ya daɗe a kwance ba mai zuwa duba shi. Wata safiya ta zo wucewa da ƙoƙon ya bi ta da ido.

"Ña Zuni, ni ma na zama kare ke nan?"

Ta ce masa kare ma ya fi shi kunya, ta cika ta miƙa masa. Ashe ya riga ya kwashi murar daga sabon majinyacin da aka kwantar kusa da shi. Kafin mako ya zagayo, ɗakin ya ɗauki tari daga wannan bango zuwa wancan, har da masu jinya da mai dafa abinci. Aka kulle ƙofa da mu duka a ciki, ba shiga ba fita sai gwaji ya wanke mu. Abinci ta taga ake miƙo mana.

Ni dai ban taɓa jin ƙunci irin na kwanakin nan ba. Tari ta ko'ina, warin magani, takunkumi ya ci mana bayan kunne. Amma nawa wasa ne a kan na Ña Zunilda. Zazzaɓinta bai yi zafi ba, aiki ma take yi, sai dai hankalinta na gida. Maƙwabciyarta Liduvina ta bugo waya ta ce Anacleto ya datse haƙora, ko romo ya ƙi. Ña Zunilda ta sa aka kara masa wayar a kunne, ta lallaɓa shi, ta zage shi, ta rantse za ta auri mai gadi in bai ci ba. Duk da haka bai ci ba.

Ta roƙi Dakta Insfrán har da durƙusawa. Ya ce shi ma a kulle yake, kuma in ta je gida cutar za ta kai wa mijin. Ta gwada ƙofar baya ta ɗakin wanki, ta tarar an sa kwaɗo. Daga nan bakin nan da ba ya hutawa ya mutu. Sai dai in ji ta gaban ɗan hoton Budurwa Maryamu da ke jikin bango, tana roƙon abu ɗaya, a bar ta ta ga mijinta.

Wata rana da hantsi muka ji ana buɗe kwaɗo. Ta jefar da zanin da ke hannunta ta nufi ƙofa, a zatonta sallama ce ta zo. Sai ga mutum biyu cikin fararen riguna sun turo gado, da tukunyar iska a gefe. Anacleto ne, ƙirjinsa na sama da ƙasa. Ashe a safiyarta ta ƙarshe a gida, ta riga ta shayar da shi da bututun da Don Crispín ya zuƙa.

Aka sake kulle ƙofar. Ta tsaya tana kallonsa, na matso na riƙe ta.

"Sauro," in ji ta a hankali, "na roƙa a nuna mini shi. Ba haka nake nufi ba."

Ta goge ido da gefen riga, ta ɗauko cokali da ɗan romo. Ya buɗe baki.