Takalmin Taya na Ƙafar Hagu

Da safiyar wata ranar kasuwar Rogo, a farkon daminar shekarar da na shiga aji shida na firamare, na durƙusa a tsakar gidanmu na Jajaye ina awon ƙafar Babana da karan dawa. An kwana ana ruwa, awaki sun takure a gindin rumbu, Inna tana fama da jiƙaƙƙen icce a murhu. Baba ya zauna a ƙofar ɗakinsa ya miƙo mini ƙafa yana tsokanata, wai yau ya sami tela. Na ɗora karan daga dunduniya zuwa babban yatsa na karya shi daidai nan, domin haka ake yi a wurinmu, lokacin aiki mai ƙafa ba ya zuwa kasuwa, karansa ne yake zuwa. Garin karyawa sai tsinin karan ya karce masa tafin ƙafa, amma ko motsi bai yi ba. Na saci kallonsa, na sake tsikarinsa da gangan. Ya ci gaba da zancensa da Inna. A nan na tabbatar ƙafar ta daina ji.

Tun da rani Baba ya fara ramewa, ga ƙishirwa da ba ta jin ruwa. Da aka matsa masa ya je asibiti a Ƙaraye, ni da Inna muka raka shi, aka ce ciwon suga ne. Wata ma'aikaciyar jinya ta ja mu gefe ta ce ciwon yana kashe jin ƙafa, kuma rauni ba ya warkewa da wuri a jikin mai shi, saboda haka ko bayan gida kada mu bar shi ya je babu takalmi. Ta ce ƙaya guda tana iya cin ƙafa ɗungurungum. Na riƙe maganar nan fiye da yadda na riƙe karatun allo. Ni ce babba a gidanmu, ƙannena maza duk ba su isa riƙe fartanya ba. Dawar da muke ci, da gyaɗar da Inna take matsa ta sayar da mai da ƙuliƙuli, duk a kan ƙafafun nan biyu suke tsaye.

Matsalar ita ce manomin garinmu ba ya shiga gona da takalmi. A bakin gona ake tuɓe shi, a kife a gindin bishiya tare da buta da ƙwaryar fura. Baba yakan ce da tafin ƙafa ake sanin ko ƙasa ta sha ruwa, da dunduniya ake rufe iri, kuma wanda ya shiga gona da takalmi dubawa ya zo yi, ba noma ba. "Noma na duƙe, tsohon ciniki," in ji shi kullum, kamar dai karin maganar ya haɗa har da zancen takalmi. Ni kaɗai nake iya ja da shi, domin sunan mahaifiyarsa na ci, Uwata yake kirana. Na kuwa yi amfani da sunan nan iya yina, har ya yarda zai gwada.

Da silifa muka fara. Taɓo ya riƙe ta, igiyar ta tsinke tun a ranar farko. Na ɗora tsohuwar wuƙa a garwashi, na yanko guntun roba na liƙe, ta sake tsinkewa, na sake liƙewa, har silifar ta koma liƙi zalla. Wata rana na ciro ƙayar aduwa da ta huda ta, saura kaɗan ta taɓa nama. Aka kawo rufaffen takalmin roba irin na masu kiwo, shi kuma gumi ya taru a ciki ya tayar masa da bororo a ɗan yatsa, muka yi ta jinyarsa hankali a tashe. Inna ce ta ce to sai dai na taya, wanda mu yara muke yi wa dariya a makaranta, muna cewa duk wanda ya zo da shi motar ubansa ce ta mutu.

Ranar da na yi awon nan, na bi matan unguwarmu masu kai man gyaɗa kasuwa, karan yana soke a bakin zanina, ina taɓa shi a kai a kai kamar mai tsoron ya gudu. A can ƙarshen kasuwa na sami Malam Ilu mai takalmin taya, zaune a tsakiyar tsofaffin tayoyin da motoci suka gama cin amfaninsu, yana wasa wuƙa. Bayan mun gaisa na zayyana masa komai, har abin da bai tambaya ba. Na ce kada ya sa ƙusa ko ɗaya, kada kuma ya yanko daga taya mai waya a ciki. Ya dube ni ya ce wannan yarinya da baki take, amma ya ture tayoyi da yawa kafin ya zaro wata mai zare. Ya ɗora karan, ya zana, ya tsoma wuƙar a ruwa ya yanka, ya yi igiyoyi masu faɗi da tsohon tiyub ya ɗinke su da hannu. Da ya gama na roƙe shi ƙusa, na kafa ta a ƙasa, na taka ta da takalmin iya ƙarfina. Ƙusar ce ta lanƙwashe.

Baba ya ce nauyinsa ya kai na garma, amma ya sa. Daga ranar na zama 'yar sandan ƙafarsa. Na bar carafke, na bar 'yar galagala, ko gaɗar yamma na daina zuwa. Ana tashi daga makaranta ba na tsayawa sharar aji, sai dai in sha bulala washegari, in sunkuci abincinsa in nufi gona. Ba gindin bishiya nake fara zuwa ba, ƙasa nake dubawa, domin takalmin yana barin zanen taya a duk inda ya taka. In na ga zanen nan yana bin layin dawa sai in ji numfashina ya dawo. Da magariba in wanke masa ƙafafu da ruwan ɗumi, in buɗa yatsun ɗaya bayan ɗaya, shi kuwa yana cewa tsohuwa ta dawo duniya da fitinarta.

Duk da haka jikinsa ba kamar da ba ne. Ciyawa ta fi ƙarfinsa, lokacin maimai, wato noma na biyu, ya zo gonar gyaɗa tana neman shaƙewa. Sai ƙanensa, Baffa Sule, ya kira masa gayya. Mazan unguwa suka fito da fartanyoyinsu har da mai ganga, mu kuma mata muka wuni a kan kunu da dambu. Da hantsi na ɗauko tulun kunu na doshi gonar. Tun daga nesa na hango takalman jama'a a jere a gindin ɗorawa, silifa da na roba birjik, kuma a ƙarshen layin ga na taya guda biyu, an kife su a tsanake. Ban san lokacin da na dire tulun ba. Na ɗebe su na ratsa cikin maza da gudu, abin da ban taɓa yi ba, na sami Baba a sahun gaba yana duƙe, ganga tana kiran sunansa, fuskarsa cike da wani farin ciki da na daɗe ban gani ba.

Na durƙusa na ajiye masa takalmin a gabansa ina kuka. Ya rage murya ya ce, "Uwata, mutanen nan sun bar gonakinsu sun zo mini da ƙafarsu a ƙasa. Ni mai gonar in tsaya a cikinsu da takalmi kamar hakimi?"

Na ce, "Baba, dubi bayanka."

Ya waiga. Duk inda ya ɗaga ƙafar hagu akwai ɗigon jini. Kututturen karan bara ne ya shige masa tsakiyar tafi, kuma Allah kaɗai ya san tun yaushe yake takawa a haka.

Sauran daminar nan ban iya tuna ta a jere. Na dai san mun wanke da ruwan gishiri, an kira wanzami, an shafa duk abin da wani ya ce ya taɓa yi wa wani amfani. Baba ya ce a bari a cire gyaɗa tukuna kafin a yi zancen asibiti, wai ciwon da ba ya zafi ai ba ciwo ba ne. Na roƙe shi, na yi fushi, na ƙi cin abinci, na kai ƙararsa wurin Baffa Sule da wurin liman. Ina ganin yatsun suna baƙi, ɗakin ya fara wani wari da turaren wuta ba ya rufewa, Inna ta koma yin kukanta a bayan rumbu. Ranar da zazzaɓi ya kayar da shi aka sa shi a mota, daga Ƙaraye aka ce sai Kano. Ya dawo bayan an gama girbi, da sandar dogarawa a hammata, ƙafar wandonsa ta hagu a naɗe daga gwiwa.

Babu wanda ya ce masa ai an gaya maka, ko ni mai bakin. Baffa Sule ya karɓi gonar gyaɗa, Inna ta ƙara kwanon da take matsa, shekarar sai da muka ci har irin shuka. Baba ya koma zama a zaure yana tufka igiya, takalmin dama a ƙafarsa ko da yaushe, na hagu kuwa na tura shi ƙarƙashin gadon Inna don kada idonsa ya faɗa kai. Ashe ya san inda yake. Sandar tana zame masa a daɓen masallaci, ta kusa kayar da shi. Wata safiya ya kira ni ya ce in ɗauko takalmin in kai wa Malam Ilu tare da sandar, a yanki dunduniyar a sa mata a gindi. Ya ce, "Don ƙafar hagu aka yi shi, Uwata. Ga ƙafar hagun nan." A wannan karon babu karan awo, sandar na saɓa har Rogo.

Yanzu a Kano nake koyarwa, Baba ya daɗe da rasuwa. Kwanan baya 'yata ta nuna mini takalman taya a waya, an yi musu igiyoyi masu launi, 'yan boko suna yayinsu. Ta ce an gano sun fi alheri ga muhalli, tunda maimakon a ƙona taya hayaƙi ya cika unguwa, an mayar da ita abin amfani, ga shi kuma ba ta ƙarewa. Na ce ta saya, gaskiya suka faɗa. A Jajaye ma yanzu samari da takalmi suke shiga gona babu mai ce musu komai, gayyar ce ta yi wuyar gani. Da ta fita na buɗe akwatina na ɗauko na Baba, mai yankakkiyar dunduniya. Igiyar ta bushe ta tsattsage, amma zanen tayar yana nan raɗau. Ya fi ƙafar da aka auna dominsa daɗewa.