Baba Wasiƙa da Layin da Aka Manta

Shekara ashirin da shida ya yi yana raba wasiƙu a kan keke, har sunansa na gaskiya ya ɓata, kowa sai Baba Wasiƙa. Matarsa kan ce ƙafarsa ce kawai ta yi ritaya, harshen bai ajiye aiki ba. Suna zaune a layin bayan kwata, can gefen birni, inda ruwa ke shiga ɗakuna duk damina.

Da zaɓen kansiloli ya matso, aka sake yanka mazaɓu, aka liƙa sunayen masu zaɓe a bangon firamare. Baba ya ɗora tabarau ya bi takardun ɗaya bayan ɗaya. Babu ko mutum guda daga layinsu. Ya tsallaka mazaɓar maƙwabta, nan ma wayam. Ashe da tsohuwar taswira aka yi aikin, a jikinta kuwa layin nasu fili ne fetal.

Kwana biyar aka bayar na gyara. In suka wuce, ba ƙuri'a, ba kansilan da zai ce su nasa ne, kwatar kuma sai dai su ci gaba da kwasa.

"Ranka ya daɗe," in ji shi ga jami'in rajista, "mu aljanu ne da taswira ba ta ganinmu?"

"Baba, kawo min jerin gidajen da masu katin zaɓe a kowanne, zan je in gani da idona."

To, an zo wurin. Baba ya zauna a kan benci ya lumshe ido, ya hau kekensa a zuci. Ƙofar tela mai shuɗin fenti, gidan direba mai mugun kare, malamar asibiti, mai walda da ƙannensa uku, haka har gida talatin da ɗaya, kamar yadda ya saba bin su da jaka. Sannan ya tashi ya bi gidajen yana dogara sanda, yana karɓar lambobin kati, yana faɗa da masu cewa sai gobe. Jami'in ya zo ya gani, ya sa hannu.

Ranar zaɓe ya riga kowa shiga layi. Malamar zaɓe ta duba, ta sake dubawa.

"Baba, ba sunanka. Ba na mama ma."

Sai a lokacin Baba ya gane: bai taɓa tsayawa da keke a ƙofar gidansa ba, wasiƙarsa a aljihu yake kawo ta. Gida talatin da biyu ne.

"Ka ga irinta ko?" in ji matarsa. "Ka rubuta har mai kare, ka manta da ni!"

Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, ya koma gindin bishiya ya zauna. Tela ne ya fara fitowa, ya nufo shi ya durƙusa, ya nuna masa babban yatsa da tawada.

"Baba, wannan taka ce. Allah ya saka da alheri."

Sai direba, sai malamar asibiti, sai mai walda da ƙannensa, kowa da yatsa a sama. Baba ya bi yatsun da kallo. Ya cire tabarau yana gogewa da bakin riga.