Baba Ɗanjuma da Ruwan Gurbin Mazanya

Ranar Lahadi ina kasuwar Jibiya wani fatake ya dafa kafaɗata ya ce Baba Ɗanjuma masunci ya rasu da hantsi. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Shekara goma sha ɗaya ina bin sa su, kuma shi ya koya mini jefa birgi, komar nan ta wurgawa.

Marigayi ba ya jefa koma sai ya ɗebi ruwa a tafinsa ya shinshina, ya ɗanɗana. Yawan kifi bai dame shi ba, iri yake dubawa. Yakan ce, "Ɗana, in ruwa ya ɓaci kawara ka fara tahiya, sannan karfasa, sannan kurungu. Ran da ka ga tarwaɗa kaɗai, to kada ka yi murna."

Rani biyu ke nan kawara ta ɓace a gurbin Mazanya, inda ruwan gulbi ke kwanciya da rani, bana karfasa ta bi ta. Masunta suka ce mutanen ƙasar Faransi ne, wato na wajen Maraɗi, ke tsallako iyaka suna zuba magimfa, ganyen nan mai bugar da kifi. Har da ni a masu faɗa, don laifin baƙo ya fi daɗin ambato. Baba ya dube mu ya ce, "Gulbin ga Maraɗi ya nuhwa, ba daga can ya hito ba. Mai ɓarnar bisa gare mu yake, kuma tuwonmu yake ci." Ya yi alkawarin kai sunan gaban Sarkin Ruwa in ya tabbatar. Zazzaɓin kwana uku ya riga shi.

Ban zargi kowa da ajalinsa ba, wannan na Allah ne. Amma ran sadakar uku, Mati, ɗan ƙanensa da ke zaune sama da gurbin, ya kawo kwando cike da kifi. Na duba, manya da 'yan mitsi-mitsi a haɗe, babu mai raunin ƙugiya, babu mai shaidar koma. Kifin magimfa ne kaɗai ke zuwa haka. Aka soya, aka yi ta sa masa albarka. Ni dai na kasa kai hannu, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Allah ya jiƙan Baba, ya yafe kurakuransa, ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah ya ba matarsa Inna Hajo da 'ya'yanta haƙuri, ya tsare musu abincinsu da ke cikin ruwan nan. Ni kuma Allah ya ba ni ƙarfin zuciya, don gobe zan je gaban Sarkin Ruwa, alhali ƙanwata ce ke ɗakin Mati.