Tallan da Na Aika Gidan Makoki

Bayan mulki ya dawo hannun farar hula, an buɗe shagon intanet kusa da Ƙofar Mata, inda nake sayar da rinannun zannuwa. Mai shagon ya ce mini tallan imel ba ya son doguwar gaisuwa. Na yarda. Gab da Sallah na ba shi sunayen duk abokan cinikina, na sa ya tura musu saƙo iri ɗaya: "Sabon zane ya iso, ka faranta wa uwargida rai."

A cikinsu akwai wani Alhaji na Damagaram, wanda ya daɗe yana sauka a gidana idan ya zo Kano. Matarsa ba ta cika kwana arba'in da rasuwa ba. Na sani, ina ta ɗage zuwa ta'aziyya, kuma ban tuna na cire sunansa ba.

Ya amso a taƙaice: "Malam, uwargida tana kabari. Allah ya ba da kasuwa."

Kunya ta hana ni ba shi haƙuri a rubuce, na ce sai na je da ƙafata. Ban kai ga tafiya ba aka aiko mini shi ma ya rasu.